Me Ya Sa "Looked Quickly At" Ta Zauna, "Picked Quickly Up" Ta Ƙi Zama?

Wata ɗaliba da ke shirin zana jarrabawar WAEC ce ta aiko da tambayar. A cikin insha'in da ta rubuta akwai jimloli biyu maƙwabtan juna: "He looked quickly at the phone" da kuma "He picked quickly up the phone." Malaminsu ya ƙyale ta farko, ya zabga wa ta biyu jan biro, da ta nemi dalili sai ya ce mata kawai ba haka Bature ke faɗa ba. Ita kuma a ganinta ginin ɗaya ne: aikatau na shuɗaɗɗen lokaci, sai bayanau mai ƙarewa da -ly, sai 'yar ƙaramar kalma, sai suna. To me ya raba su?

'Yata, malaminku bai zalunce ki ba, ke ma kuma idonki bai yaudare ki ba. A kan takarda jimlolin nan biyu kamar an tsaga kara suke. Inda suka rabu shi ne a 'yar ƙaramar kalmar nan. A jimla ta farko, "at" ta sunan da ke gabanta ce, ita da "the phone" tafiyarsu ɗaya. Ita ce Bature ke kira preposition, wanda ya yi nahawun Larabci a Islamiyya kuma zai gane ta da sunan harafin jarra. A jimla ta biyu kuwa "up" ba ruwanta da wayar, ta "picked" ce, wani ɓangare ne na jikin aikatau ɗin da aka rubuta a ware. Ni a aji jelar aikatau nake kiranta, don yara su riƙe. Bayanau yana iya shiga tsakanin aikatau da harafin jarra, domin can akwai gaɓa. Ba ya shiga tsakanin aikatau da jelarsa, domin nan babu gaɓa, sai dai a karya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi shi ne yadda Bahaushe ke shan wahalarsa alhali a harshensa yana yin irinsa dare da rana. Ki duba "ya ci" da "ya cinye". Ki duba "ya sha" da "ya shanye". Turancinsu "he ate" da "he ate up", "he drank" da "he drank up". Aikin da "up" take yi wa Bature, shi ne ƙarshen kalma yake yi mana. Haka "ya fita", "ya fito", "ya fitar da": "went out", "came out", "took out". Haka "ya ɗauka", "ya ɗauko", "ya ɗauke", inda ta ƙarshen take daidai da "took away". "Ya koma" da "ya komo" su ne "went back" da "came back". Waɗannan sauye-sauyen su ne giredin aikatau da ake koyarwa a darasin Hausa, waɗanda Parsons, wani malamin Hausa a makarantar SOAS ta Landan, ya kasa gida bakwai a 1960. Mu muna manna ma'anar a jikin aikatau, Bature yana rataya ta a bayansa a matsayin kalma mai zaman kanta a rubutu. Ashe idan kika rubuta "picked quickly up", kamar kin tsaga "cinye" ne gida biyu kin cusa "da sauri" a tsakiya.

Ɗaya ɓangaren ma muna da shi. Muna cewa "ya lura da takardar", kuma ba wanda zai ɗaga gira idan kika ce "ya lura sosai da takardar". Amma ki gwada "ya fitar maza da kayan" ki ji yadda take karo a kunne. Sai dai "maza ya fitar da kayan". Dukkansu "da" ne a rubuce, ɗaya tana sakin jiki a raba ta da aikatau, ɗaya ba ta yarda da bayanau ya gitta. Kunnenki ya san wannan tun kafin ki shiga aji ɗaya. Abin da ya rage shi ne ki koya wa kunnen naki na Turanci.

Yaya za ki gane wadda kike tare da ita? Gwajin da ban taɓa ganin ya ba ɗalibi kunya ba shi ne na wakilin suna. Cire sunan ki sa "it" ko "him". Idan jela ce, wakilin sunan zai kutsa tsakiya: "He picked it up." Ba a cewa "picked up it". Idan harafin jarra ne, yana nan gaban abin da yake ja: "He looked at it." Ba a cewa "looked it at". Ko da suna ne ma, jela tana iya tsallakewa ta koma bayansa, "He picked the phone up", amma har abada ba za ki ji "He looked the phone at" ba. Akwai kuma shaidar murya ga mai sauraron BBC ko kallon finafinansu: jela ana danna ta da ƙarfi, harafin jarra kuwa yawanci haɗiye shi ake yi.

Idan na zo wannan darasi, rediyo nake ɗaukowa daga ofishin malamai in ajiye a kan tebur. Sai in rubuta jimla biyu a allo: "He turned on the radio" da "He turned on his friend." Ta farko ya kunna rediyo. Ta biyu ya juya wa abokinsa, ya far masa. Sai mu sa wakilin suna: "He turned it on", amma "He turned on him." Daga nan in ba su "angrily" in ce kowa ya sa ta a jimlolin biyu. "He turned angrily on his friend" ta zauna daram. Kullum kuma sai an sami wanda zai rubuta "He turned angrily on the radio", sai in juya a fusace in fuskanci rediyon kamar zan shaƙe shi, in ce musu abin da jimlar ta ce ke nan. Wanda ya kunna rediyo cikin fushi "He angrily turned on the radio" ya yi, ko "He turned the radio on angrily". Ajin da ya yi wannan dariya ba ya sake mantawa. Irin wannan tagwaye su ne "ran up the hill", ya haura tudu da gudu, da "ran up a huge bill", ya tara wa kansa bashi. "He ran quickly up the hill" daidai ce, har ma za ki iya juya ta ki ce "Up the hill he ran". Ta bashin ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin biyun.

Saboda haka jimlarki tana da gyara uku, kowanne ya yi: "He quickly picked up the phone", "He picked up the phone quickly", "He picked the phone up quickly". Ni na fi son ta farko a labari, domin tana tura mai karatu gaba. Kada kuma ki gudu daga matsalar ta hanyar yar da "up" ɗin baki ɗaya. A Najeriya kowa yana cewa "he didn't pick my call", a kasuwa da ofis ba mai tuhumarki, amma mai duba takardar WAEC zai iya ɗauka ba ki sani ba. A jarrabawa ki rubuta "answered" ko "took my call".

Akwai 'yan kalmomi da aka yi wa rangwame. "Right" da "straight" suna shiga gaban jela: "He went straight in", "She came right back", "He picked it right up". Gajeru ne, kuma jelar kanta suke ƙarfafawa. Bayanau masu -ly ba su samu wannan izini ba idan akwai karɓau, wato abin da aka yi wa aikin, a jimlar.

Inda abin ya ɗan yi laushi shi ne irin su "looked after", "came across", "took after". Gwajin wakilin suna ya nuna harafin jarra ne, tunda "looked after him" ake cewa. Amma ma'anarsu ta riga ta narke: "looked after" ba duban baya ba ne, kulawa ce, "took after his father" gado ya yi na kama ko hali. Idan ma'ana ta narke haka, gaɓar tana ƙagewa. "She looked carefully after the child" ba haramun ba ce, sai dai tana da nauyi a baki, kuma Baturen yau zai fi cewa "She looked after the child carefully". Masu kalma uku kuwa su ne suka fi nuna gaskiyar ƙa'idar. A "put up with", wato ya jure, "up" jela ce, "with" harafin jarra ne. Za ki iya cewa "She patiently put up with the noise", har ma "She put up patiently with the noise" tana wucewa, domin bayanau ya faɗa a gaɓa. "Put patiently up with" ce ba ta yiwuwa.

Kada ki ɗauka ke kaɗai abin ya dama. Samuel Johnson, da ya fitar da ƙamus ɗinsa na Turanci a 1755, ya ambata a gabatarwa cewa wannan ɗabi'a ta sauya ma'anar aikatau da 'yar kalma a bayansa ita ce ta fi wahalar da baƙin harshen, ya kuma kawo misalai irin su "come off", "fall on" da "break off". Fiye da ƙarni biyu da rabi ke nan ana kuka ɗaya.

Wani reshe na wannan magana shi ne kuskuren da na fi ja wa layi a rayuwata: "They discussed about the matter." Tushensa a tarihi yake. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ɗaruruwan shekaru, ga kuma Latin a coci da makaranta. Sai Turanci ya wayi gari da kalmomi bibbiyu na abu ɗaya, kamar yadda muke da "ya mutu" da "ya yi wafati": ta gida mai 'yar kalma a baya, da ta aro mai tafiya ita kaɗai. "Went in" da "entered". "Came back" da "returned". "Talked about" da "discussed". "Asked for" da "requested". "Put off" da "postponed". Ta aron ta riga ta haɗiye ma'anar 'yar kalmar, don haka "returned back" da "requested for" da "entered into the room" maimaici ne. Abin da ke ƙara rikita yara shi ne sunayen da aka ciro daga waɗannan aikatau suna ɗaukar harafin jarra: "a discussion about", "a request for", "emphasis on". Ga kuma Hausa tana raɗa musu "sun tattauna a kan". Ban da haka "entered into" tana da gurbinta, a yarjejeniya: "They entered into an agreement."

Wannan ya shafi tambayarki kai tsaye. Tunda "discussed" tana riƙe karɓau ɗinta hannu da hannu, babu gaɓar da bayanau zai shiga. "They talked seriously about the matter" daidai ce. "They discussed seriously the matter" ba daidai ba ce. Ko dai "seriously discussed the matter" ko "discussed the matter seriously". Mu ma ba mu cewa "ya ci da sauri tuwo". Ana ɗaga ƙafa ne kawai idan karɓau ya yi tsawo ƙwarai, kamar "He explained carefully everything that had happened that night", don kada bayanau ya ɓace a can ƙarshen layi.

Wani abin da littattafan firamare ba su faɗa shi ne matsar da bayanau yakan matsar da ma'ana. "He foolishly answered the question" tana nufin wauta ce ya yi da ya amsa, da shiru ya yi da ya fi masa. "He answered the question foolishly" tana nufin amsawar ba laifi, amsar ce ta wauta. "She kindly spoke to the boy": ta kyauta da ta yi masa magana. "She spoke kindly to the boy": da taushin murya ta yi maganar. A gaban aikatau, irin wannan bayanau hukunci ne a kan mai aikin. A bayansa, bayanin yadda aka yi aikin ne. Da "quickly" bambancin kaɗan ne, shi ya sa gyare-gyarenki uku duk suka yi.

Sai siga ta uku ta aikatau, irin "broken", "written", "damaged", wadda ake amfani da ita idan abin da aka yi wa aiki ne a gaban jimla. A nan mazaunin bayanau sananne ne: bayan "was" ko "were", gaban aikatau, sai harafin jarra ya biyo. "The farm was badly damaged by the flood." "He was widely regarded as honest." "She was deeply involved in the case." "They were closely related to the chief." "He was happily married to her", ba "married with" ba, ko da yake Hausa tana jan hannunki zuwa "da". Wahalar a nan ba ta wuri ba ce, ta zaɓi ce. Mu "sosai" da "ƙwarai" sun ishe mu kusan ko'ina: ya ji ciwo sosai, ya dogara da shi sosai, ya ji takaici sosai. Bature kowanne da abokin tafiyarsa: "badly injured", "relied heavily on", "bitterly disappointed", "highly recommended", "apologised profusely for", "differed sharply from". Idan kika tambaye ni dalilin da ya sa dogaro yake da nauyi, takaici kuma yake da ɗaci, sai in tambaye ki dalilin da ya sa muke cewa fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, ya tsaya cak, ya cika maƙil, ya ƙone ƙurmus. Baƙon da ya ce "fari ƙirin" bai karya wata ƙa'idar nahawu ba, amma ko yaron goye zai yi masa dariya. Waɗannan ba a lissafa su, haddace su ake yi uku-uku: bayanau, aikatau, harafin jarra, a matsayin loma ɗaya. Kuma "very" ba ta hawa kan aikatau kai tsaye. "He very liked it" ba Turanci ba ce, sai "he liked it very much".

Zaɓen harafin jarra kansa, nan ma harshenmu ne ke yi mana ƙafar ungulu, domin "da" da "a" sun ɗauke mana aikin kalmomi kusan goma. Da safe "in the morning", da dare "at night", da ƙarfe biyu "at two", da wuƙa "with a knife", da mota "by car". A Kano "in Kano", a tasha "at the station", a kan tebur "on the table". Shi ya sa "arrived" take ɗaukar "in" ga gari, "at" ga ƙaramin wuri, ba ta ɗaukar "to" sam, "reached" kuma ba ta ɗaukar komai. "Home", "yesterday", "last week" su ma tsirara suke tafiya: "He went home last week."

Tunda shuɗaɗɗen lokaci kika ambata, ga tarko ɗaya da ba zan tsallake ba. "Na gan shi" a Hausa tana ɗaukar "I saw him" da "I have seen him" duka biyu. A Turanci bayanau na lokaci shi ke yanke hukunci. Da zarar kin ambaci lokacin da ya riga ya rufe, "yesterday", "two days ago", "in 2019", to "saw" ce, ba "have seen" ba. "Tun" ma tana jefa mutane rami: "tun jiya ya zo" ba "he came since yesterday" ba ce. Ko dai "he came yesterday", ko "he has been here since yesterday". Idan kuma akwai "had" ko "has", bayanau irin "already", "just", "never" bayansa suke zama: "He had already left for Zaria."

Ki yi hattara da -ly kanta, ba kullum take nufin abin da kike zato ba. Wani tsohon ɗalibina ya taɓa kawo mini takardar neman aiki in duba masa kafin ya kai. Yaro ne mai ƙwazo, na san shi. A sakin layi na biyu ya rubuta: "I hardly worked in my former school for three years." Na ce masa ya fassara mini. Ya ce, "Malam, na yi aiki tuƙuru." Na ce abin da ka rubuta shi ne shekara uku ka yi kusan ba ka tsinana komai ba. Ya riƙe baki. "Hard" ita ce tuƙuru, kuma bayan aikatau take zuwa: "I worked hard." "Hardly" da ƙyar ce. Haka "late" a makare, "lately" kwanan nan; "near" kusa, "nearly" saura kaɗan. Wannan "hardly" ɗin masu shirya tambayoyin WAEC da JAMB suna ƙaunarta, domin idan ta buɗe jimla sai ta juya tsarin: "Hardly had he sat down when the phone rang." Abokiyarta "No sooner had he sat down than the phone rang." Ta farko da "when" take tafiya, ta biyu da "than", kuma a nan ne ake kama masu gaggawa.

Idan kina da ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda ake samu a kusan kowane shagon littattafai, ya riga ya yi miki rabin aikin, sai dai ba a nuna wa ɗalibai yadda ake karanta alamominsa. Buɗe "pick", ki gangara ƙasa inda aka jera masu 'yan kalmomi. Za ki ga an sa abin da ake ɗauka a tsakiya, da wata 'yar kibiya mai kai biyu kafin "up". Kibiyar tana gaya miki jela ce, karɓau yana iya zuwa gabanta ko bayanta, don haka ki nisanta bayanau daga tsakaninsu. Sai ki buɗe "look". A "look after" za ki ga an sa mutumin a ƙarshe, babu kibiya. A "look up", wato neman kalma a ƙamus, kibiyar ta dawo. Ki ɗauki insha'in naki, ki zagaye duk 'yar kalmar da ta biyo bayan aikatau, ki sa wa kowacce "it" ki ga inda ya faɗa, wadda ta rikita ki kuma ki neme ta a can.